Gazon ɗin tsakar gidanmu yana bushewa duk da ban ruwa, wane magani zan fesa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Damagaram, unguwar Karkada. Bara da damina maigida ya sa aka dasa mana gazon a tsakar gida, wajen mita 10 a tsawo da mita 6 a faɗi, don yara su samu wurin wasa. Ya yi kyau har bayan kaka. Da sanyi ya shigo sai ya fara yin ja, yanzu da bazara wasu wurare sun bushe sun bar fili, gara ta shiga, aya-aya da ƙarangiya sun cika gefe, ƙarƙashin bedi kuma ko tsiro babu. Kullum da yamma yaro yana yayyafa masa ruwa, har ruwan wanki muna zuba masa don kada ya tafi a banza. Wane magani zan saya in fesa?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Sunan maganin feshi kike nema, amma a cikin abubuwan da kika lissafa babu wanda feshi zai warkar daga tushe. Bushewa, gara, haki, da filin ƙarƙashin bedi, a ido kamar cututtuka ne daban-daban. A aikin lambu da nake yi a gidajen garin nan, abin da na fi tararwa shi ne uwarsu ɗaya: ciyawa mai faɗi, ruwa kaɗan da ake ba ta sama-sama, a kan ƙasar da magina suka bari ba a gyara ba. Gara da ƙarangiya baƙi ne da suka tarar da ƙofa a buɗe. Don haka ki ajiye kuɗin maganin tukuna, mu fara da ruwa.

Lissafin ruwa

Damagaram tana samun ruwan sama kimanin milimita 400 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran wata takwas duk ɗigon da ciyawa za ta sha daga hannunki zai fito. Garin kuma a kan dutse yake zaune, shi ya sa rijiyoyin cikin gari ba su da yalwa, ruwan pampo ma daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Wannan kowa ya sani, na kawo shi ne don mu auna da shi.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 iska kuma a bushe, ciyawa mai juriya irin kiri-kiri tana buƙatar lita 5 zuwa 7 a kowace murabba'in mita kowace rana idan ana so ta zauna kore shar. Filinki murabba'in mita 60 ne. Mu ɗauki lita 6: lita 360 ke nan a rana, wato bidon mai lita 25 guda 14 da ɗoriya. A wata kuwa lita 10,800, ganga mai lita 200 har 54. Yanzu ki tambayi yaron bokiti nawa yake zubawa. Na tabbata idan ya yi yawa bai wuce shida ko bakwai ba, ko kuma ya riƙe tiyo na ɗan lokaci har saman ƙasa ya yi duhu ya ce ta sha.

Illar wannan yayyafi ta wuce ƙarancin ruwa. Saiwa ruwa take bi. Idan kullum santimita 2 ko 3 na sama kaɗai ke jiƙa, saiwar a nan za ta tsaya, ba za ta nutsa ba. To wannan saman shi ne rana ke gasawa daga hantsi zuwa la'asar, rairayin da ko yaro ba ya iya takawa babu takalmi. Saiwar da ke zaune a wurin ba ta da mafaka. Da damina ba a gane ba, don sama tana jiƙa ƙasa har ciki. Ana ɗauke ruwa asiri ya tonu.

Gyaran shi ne a rage yawan zuwa, a ƙara yawan zubawa. A ƙasa mai rairayi irin ta yawancin unguwanninmu, da bazara a ba ta ruwa kwana ɗaya a tsallake ɗaya, bokiti guda mai lita 12 ko kusan haka ga kowace murabba'in mita. Da sanyi sau biyu a mako ya isa. Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. Na san sau da yawa cikin dare pampo ke kawo ruwa, to a tara a ganga a zuba da safe. Idan dole sai da yamma, da bazara ba laifi ba ne, amma da damina kada a bar ganye ya kwana a jiƙe. Kuma ki gwada da idonki: awa ɗaya bayan ban ruwa, ki sa a tona ɗan rami da wuƙa ko ƙaramar fartanya. Idan danshi bai kai tsawon taƙi ɗaya ba, wato santimita 15 zuwa 20, ruwan bai isa inda ake so ba.

Batun ruwan wanki kuwa, niyyarki mai kyau ce, amma ki daina zuba shi a kan gazon. Omo da ire-irensa suna ɗauke da gishirin sodiyom, shi kuma idan ya taru yana toshe ƙasa, ta yi tauri, ruwa ya riƙa kwanciya a sama yana ƙin shiga. Idan da jabel a ciki, ƙona ganyen yake yi kai tsaye. A garin da ruwan sama ke da yawa damina tana wanke wannan gishiri, mu kuwa namu ba ya isa. Ki duba wurin da aka fi watsa ruwan wankin: idan kin ga wani fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa bayan ta bushe, shi ne. Haka ruwan rijiya mai zartsi yake yi. Ruwan alwala, ruwan wanke shinkafa da kayan miya, da ruwan ɗauraya na ƙarshe wanda ba kumfa, waɗannan duk ki tara su, ciyawa tana so.

Abin da ke ƙarƙashin ciyawar

Yawancin gidajen da ake kirana in duba gazon, idan na tona wurin da ya fara mutuwa abin da nake cirowa shi ne guntun bulo, dunƙulen siminti, tsakuwa, leda, wani lokaci har tsohon buhun siminti. A nan magina suka yi kwaɓi, aka gama gini aka watsa rairayi yatsa uku a kai, aka dasa ciyawa. Saiwa tana isa ga wannan ta tsaya. Siminti kuma yana sa ƙasa ta yi halin kanwa, sai ciyawa ta kasa jan sinadarin ƙarfe, sababbin ganye su fito rawaya fatau ko da an ba su taki.

Ki zaɓi wuri biyu, ɗaya inda ciyawar ke da rai, ɗaya inda ta mutu, a tona kowanne zurfin kamu ɗaya. Bambancin da za ki gani zai gaya miki fiye da abin da zan iya faɗa daga nan. Inda aka tarar da ɓaraguzai, ba wata dabara sai a kwashe su, a cika da ƙasa mai kyau: kashi biyu jigawa, kashi ɗaya takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, da ɗan laka idan ana samu don ta riƙe danshi. Inda ƙasar ba ta da shara amma ta daddale saboda takun yara, a samu guntun rodi mai tsini a bi ana soka shi zurfin santimita 10 zuwa 15, tazarar tafin hannu tsakanin rami da rami, sannan a barbaɗa tankaɗaɗɗen taki, bokiti guda a murabba'in mita, a share shi da tsintsiya ya faɗa ramukan, a ba da ruwa. Aiki ne mai gajiyarwa, amma ban san wani abu da ke farfaɗo da gazon kamarsa ba.

Na ce takin da ya ruɓe, kuma da gangan na faɗa. Ɗanyen kashin awaki da na shanu da ake kwasowa daga turke cike yake da irin haki, kuma ta nan gwazarma ke shigowa gida. Takin kirki baƙi ne, ba ya wari, ba ya zafi idan ka cusa hannu, yana marmashewa.

Takin zamani yana da wurinsa, amma da awo. Yuriya cokalin cin abinci ɗaya, kimanin giram 10, ya ishi murabba'in mita guda, sau ɗaya a wata, a kan busasshen ganye, a bi shi da ruwa nan take. A farkon damina ana iya sa takin zamanin da ake kira 15-15-15 sau ɗaya. Kada a zuba wa ciyawar da ke jin ƙishi takin zamani, ƙarasa ta zai yi. Jan da kika gani da sanyi ma ba yunwa ba ce gaba ɗaya: idan sanyin dare ya sauka wajen digiri 15 ko ƙasa, kiri-kiri yana rage girma, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe ganye. Wannan da kansa yake wucewa.

Gara, gwazarma da tsutsa

Gara ita ce ta fi tayar wa masu gida hankali, don ana ganinta. Da sassafe za ki tarar ta yi wa karan ciyawa rufin ƙasa, idan kin murje sai ki ga fararen ƴaƴanta suna gudu. Sai dai abincinta na farko busasshen abu ne: matacciyar ciyawa da ta taru a ƙasa, guntun katako da magina suka binne, kututturen icen da aka sare. Ciyawar da ƙishi ya kashe rabinta ta zama mata tuwo. Mai rai, mai shan ruwa ya ishe ta, ba kasafai gara ke cin ƙarfinta ba. Saboda haka a sa manjagara a kakkaɓe duk mataccen da ke kwance a fitar da shi, a tono katakon da ke binne, a farfasa rufin ƙasar kowace safiya, a gyara ban ruwa. A gidaje da yawa wannan kaɗai ya ishe ta ta koma wani wuri. Toka tana korar ta, amma a bakin fili kawai za a zuba, don yawanta yana ƙara wa ƙasa halin kanwar nan da muke gudu. Idan kuwa kin ga hanyarta ta hau bango ta nufi azara ko ƙofa, ko akwai shuri a cikin gida, wannan ya wuce batun gazon, a kira wanda ya san aikin.

Gwazarma ita ce farar tsutsa mai kauri da jan kai, wadda ke lanƙwashe idan an tono ta. Saiwa take ci daga ƙasa. Alamarta ba ta ɓuya: ki kama ciyawar da ta yi ja ki ja, idan ta ɗago gaba ɗaya kamar an ɗaga tabarma, ba saiwar da ta riƙe ta, ki duba ƙarƙashi za ki gan su. A fili ƙarami irin naki tsince su ake yi da hannu a ba kaji. Idan ciyawar ta riƙe ƙasa gam, ba gwazarma ba ce.

Tsutsar ganye kuma da damina take zuwa, ta cinye ganye cikin dare a wayi gari fili ya yi kamar an aske. Don a tabbatar, a kaɗa ɗan sabulu a bokitin ruwa a zuba a wuri guda a bakin inda ya lalace, cikin ƴan mintoci za su fito sama. Maganinta yana tsakar gidanki. A tara ƴaƴan bedi busassu, a ɓare a daka, rabin kilo na garin a lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A maimaita bayan mako guda. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi har su mutu.

Ina roƙonki, Hajiya, kada ki sayi maganin da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a tsohuwar kwalba babu takarda. Wurin nan don yara aka yi shi, suna birgima a kai, na goye yana cusa ciyawa a baki. Idan har ta kai ga sayen magani, a je wurin ma'aikatan gona masu kula da kare tsirrai, a nemi wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, da ke ƙarƙashin CILSS, wato ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, ya amince da shi, a bi awon da ke jikin kwalba, a hana yara da dabbobi shiga har kwanakin da aka rubuta su cika.

Akwai wani tabo da ake ɗora wa ƙwari alhakinsa alhali ba su ba ne: da'ira mai faɗin faranti, tsakiya a ƙone, gefenta kore fiye da ko'ina. Fitsarin dabba ne. Duk gidan da ake ɗaure rago ko akuya a kan gazon za a ga wannan. A malala wa wurin ruwa da yawa, a sauya wa dabbar turke.

Haki

Ƙarangiya da tsaida ba su da wuyar sha'ani, don daga iri suke fitowa kowace shekara, suna mutuwa bayan sun zubar. A cire su da hannu tun suna ƙanana a watan Yuli da farkon Agusta, kafin su yi ƙaya. Waɗanda suka riga suka zuba yanzu, a ja tsohon bargo ko buhun algarara a kan filin, ƙayar za ta maƙale a jiki, a ƙone ta. Damina biyu ana haka sai ki neme su ki rasa, muddin gazon ɗin ya rufe ƙasa, domin a fili tsirara suke samun wurin tsira.

Aya-aya ita ce mai taurin kai. Abin da kike gani a sama ganye ne kawai. A ƙasa tana da ƴaƴa baƙaƙe masu tauri, a jere a kan zare, kowane ɗa yana iya fitar da sabon tsiro. Idan aka fizge ganyen, zaren ya tsinke, sai na kusa da ke barci su farka, inda aka cire ɗaya uku su fito. Shi ya sa masu gida ke cewa kamar ana ƙara mata ƙarfi. Tana da rauni biyu. Na farko, ƴaƴanta ba sa jure bushewa a rana. Wannan lokaci na bazara da muke ciki shi ne damarki: inda ta yi yawa a gefe, a daina ba wurin ruwa, a kafce shi zurfin santimita 20 zuwa 30, a tsince abin da ido ya gani, a bar sauran a shanye, a sake juyawa bayan mako guda, a yi haka har zuwa faɗuwar ruwa. Na biyu, ba ta son inuwa, ciyawa mai kauri tana danne ta. Wadda ta fito ɗai-ɗai a tsakiyar gazon a tono ta da wuƙa har da ɗanta, tun tana da ganye uku ko huɗu, kafin ta yi sababbin ƴaƴa. Ba zan ce miki za ta ƙare a shekara guda ba, amma za ta ragu har ta daina damunki. Maganin kashe haki irin gilifosat kuwa ba ya bambance aya-aya da gazon, duk abin da ya taɓa mai kore ya tafi.

Ƙarƙashin bedi

Nan ki haƙura. Kiri-kiri yana son rana ta awa shida ko fiye a yini, bedi kuma ga inuwa mai duhu, ga saiwa mai bazuwa da ke shanye duk ruwan da aka zuba. Akwai gazon mai faɗin ganye da ya fi jure inuwa, amma shan ruwansa ya fi na wannan, ban ba ki shawararsa ba. Inuwar bedi a Damagaram ta fi ciyawa daraja nesa ba kusa ba. A zuba rairayi mai laushi, a kewaye da bulo, ya zama wurin shimfiɗa da wurin wasan ƙasa na yara.

Shawarar da na fi ba da ƙarfi

Ki rage filin. Na san da zafi a ce wa mutum ya bar kashi biyu cikin uku na abin da ya kashe wa kuɗi, amma ni a ganina murabba'in mita 60 na kore a bazarar garin nan ya fi ƙarfin gida mai sayen ruwa, kuma ba na jin daɗin ganin ana malala ruwan sha a ƙasa alhali maƙwabta suna bin ƴan ga-ruwa. Ki zaɓi mita 5 a 4 a inda rana ke samu, nesa da bedi da wurin wanki. Wannan lita 120 ne a rana a tsananin zafi, bidon biyar, kuma wani kaso zai fito daga ruwan alwala da na ɗauraya. Ya ishi yara birgima.

Sauran filin ba lallai a tone shi ba. Idan kiri-kiri ne aka dasa miki, yana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa da ke kwanciya idan ruwa ya yanke. A ba shi ruwa mai nutsewa sau ɗaya a mako biyu ko uku don kada jijiyar ta mutu, a bar shi da jansa, ruwan Yuli zai tashe shi. Idan kuwa irin da ke zuwa a kwali daga Turai aka shuka, wannan ciyawar ƙasar sanyi ce, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 24, ba za ta ƙetare Afrilunmu ba ko nawa aka kashe. Gane su da sauƙi: kiri-kiri yana yaɗo a ƙasa, kowace gaɓa tana kafa saiwa, ganyensa siriri gajere. Na Turai a tsaye yake fitowa cunkus-cunkus, ba ya yaɗo.

Aski kuma kada a yi masa ƙwal. A bar tsawon santimita 4 zuwa 5 da bazara don ya yi wa saiwarsa inuwa, kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon a lokaci guda, almakashin kuma ya zama mai kaifi.

Duk wannan daga bayaninki na gina shi, ban taka filin ba. Abin da ramukan nan biyu za su nuna shi ne zai raba gardama. Idan an gyara ƙasa da ban ruwa amma farin nan mai kama da kanwa yana ta dawowa, a kai samfurin ƙasar da na ruwan wurin ma'aikatan gona ko INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, a auna gishirinsu, domin wannan ido ba ya yanke hukunci a kai.

Wuraren da suka zama fili kuma kada a dasa su yanzu, ɓarnar ruwa ce. A yi kaftu da zuba taki a watan Mayu, a jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Ba sai kin sayi iri ba: a yanko yaɗon kiri-kiri daga inda yake da lafiya, ko a nemo wurin masu lambu, kowane yanki mai gaɓa uku ko huɗu, a binne rabinsa a ƙasa mai danshi, tazarar santimita 15 zuwa 20, a danne da ƙafa. Makonni biyun farko kaɗai ne ake ba shi ruwa kullum idan sama ba ta yi ba. A kafa bulo a kewaye, domin idan ya ji daɗi zai kutsa cikin fulawa da kayan miyarki. Cikin mako shida zuwa takwas zai rufe ƙasa, kuma sai an yi masa aski na biyu za a bar yara su hau.